Taransifar da Baba Ya Ɗauka Horo Ce

Laraba da dare, Zuru

Na gode wa Allah, jami'ar kusa da gida ta karɓe ni, kuma daga aji biyu zan ci gaba.

Da na gaya wa Baba na samu taransifa, sai ya tsame hannu daga tuwo. "Laifin me kika yi?" A zamaninsa na soja, wanda aka canza wa wurin aiki ba zato horo ne aka yi masa.

Na ce, "Baba, ni na nema. Ai wanda ya faɗi jarrabawa ba a karɓarsa."

Ban ce saboda ciwon ƙafarsa na nema ba, amma ya gane. Naman kwanonsa ya turo mini.