Allurar Baba da ƙodarsa ta hagu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Hajara da yara, ya zaman Legas? Mu nan Wurno lafiya, sai dai Baba.

Shekaranjiya aka mayar da shi asibiti a Sakkwato, aka dakatar da allurar hefarin da ake yi masa tun da ƙafarsa ta kumbura. Likita ta ce a jikin wasu ƙalilan allurar kan haddasa daskarewar jinin da aka ba da ita don ta hana. Gudan jini ya toshe jijiyar ƙodarsa ta hagu.

Kwana uku yana ganin jini a fitsarinsa bai faɗa ba. Da Inna ta gane, sai ya ce, "Don mi za ku tada hankali? Tsargiya ta. Duk wanda ya yi noman shinkafa a fadama ya san ta." Sai da ciwon kwiɓi ya hana shi ruku'u ya yarda muka tafi.

An canza masa magani. Ku sa shi a addu'a, ka gaida Kawu Bello. Ƙodar dama tana aiki. Ko ta hagun za ta farfaɗo, sai hoton ciki da za a ɗauka masa ranar Litinin ya nuna.

Ƙanwarka,
Asma'u