Zainabu Ta Wuce Ƙullina

Daren Laraba, bayan Isha'i

Kafaɗar nan ta dama ta fara gaya mini za a yi ruwa. Na shafa mata man zafi, ta ɗan lafa.

Yau Zainabu ta wuce ƙullina.

Tun ina jifan dalma a jami'a nake awo da igiyar nan. Ranar da na yi jifa mafi nisa a rayuwata, na yi ƙulli a daidai wurin. Da kafaɗa ta mayar da ni koci, duk yarinyar da na horar, da ita nake auna mata. Babu wadda ta taɓa kai ƙullin, ni kuma ban taɓa faɗa musu na mene ne ba.

A makare ma Zainabu ta zo fili, wai mai babur ya tsaya ɗaukar kaya a titin Koudoukou. Ta ɗora dalma a wuya, ta juya, ta sake. Na ja igiya, sai ga ƙullin a baya da taƙi guda.

Ta ce, "Goggo, ya yi?"

Na ce, "Ƙafarki ta hagu tana saurin tashi." Abin da ya iya fitowa daga bakina ke nan. Allah Ya sani na yi murna, amma sai na sunkuya na hau naɗe igiya.

Ɗazu na zauna zan kwance ƙullin, ya ƙi, ya riga ya zama jikin igiya. Na bar shi, na ƙulla nata a gabansa. Gobe ita zan ba igiyar ta riƙe. In ta tambayi na wace ce na bayan, zan gaya mata.