Kawuna Ya Ƙaryata Idonsa Saboda Bidiyona

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi, Allah ya ƙara rufa mana asiri. Don girman Allah ki ɓoye sunana, ko da yake na san wasu kafin su kai tsakiya sun gane ni, don fuskata ta shiga wayoyin da ni kaina ban san iyakarsu ba. Masu zagi, na roƙe ku ku bari sai kun karanta har ƙarshe. Babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma da gaggawa.

Ni matashi ne, ina zaune a Jikwoyi tare da mahaifiyata. Fulani ne mu, amma a gari na tashi. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanin mahaifiyata ne ya ɗauki nauyinmu, shi ne Kawu. Yana ruga can bayan Uke da shanunsa. Ranar sunana ya ba ni karsana kamar yadda ake yi a wajenmu, kuma 'ya'yan wannan karsanar ne suka yi mini karatu. Duk sanda karatuna ya tsaya saboda kuɗi sai ya kora ɗaya kasuwa, bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Jikarta tana nan a garkensa har yau, yana kiranta Wule. In na je ruga, kafin in sha ruwa sai ya ce, "Tashi ka je ka gaida 'yar'uwarka."

Aikin jarida na karanta, na gama na yi ta yawo da takardu a Abuja har takalmina ya cinye, babu aiki. Allah ya yi ni da baki, sai na fara 'yan bidiyoyin barkwanci ina kwaikwayon cinikin shanu, yadda dillali yake rantsuwa da yadda Bafulatani yake kau da kai kamar bai ji ba. Mutane suka so abin, mabiya suka taru. A nan ne wani kamfani ya neme ni. Suna sayar da wani gari da ake zuba wa dabbobi a dusa. Ofis mai sanyi, kujeru masu juyawa, aka kawo mini shayi a ɗan kofi. Matar da ke kula da tallansu, kowa Madam yake ce mata, ta ce suna son wanda ya san shanu kuma makiyaya za su ji maganarsa kamar ta ɗan gida. Aka miƙo mini kwantiragi da Turancin lauyoyi, na sa hannu ina murmushi, ko shafin farko ban gama karantawa ba. Ni da na karanta jarida fa!

Ranar ɗaukar bidiyon aka kai mu kara, wato kasuwar shanu, a Dei-Dei. Aka ba ni farar riga irin ta asibiti da abin sauraron ƙirji na rataya a wuya. Na ce, "Madam, ni fa ba likita ba ne." Ta yi dariya, ta ce da Hausarta irin ta Abuja, "Wa ya ce ka ce kai likita ne? Riga ne kawai. Riga yana magana?" Haka aka tsara komai. Ba a yarda in ce garin yana warkar da cuta ba, don doka ta hana, garin nan a matsayin ƙarin abinci aka yi masa rajista. Abin da zan yi shi ne in dafa bayan saniya, in gyaɗa kai, in ce ƙarfin jiki shi ne gaba da komai. Sai wani dattijo mai malafa da sanda ya shigo ya ce tun da ya fara ba shanunsa bai ƙara neman mai allura ba. Dattijon nan maigadin ofishinsu ne, ko akuya ba ya da ita. Sannan a nuna ramammiyar saniya, a nuna ta bayan ta ci garin ta yi ɓulɓul. Shanu biyu ne daban, duka farare, hayarsu aka yi a wurin dillali da safiyar nan. A gabana aka yi, ni na ma taya riƙe igiya.

Da na nuna damuwa sai Madam ta nuna mini wani ɗan rubutu a ƙasan bidiyon, da Turanci, haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero, yana wucewa kafin ka ƙifta ido. Wai talla ce, wai ba magani ba ne, wai a tuntuɓi likitan dabbobi. Ta ce lauyansu ya duba, sun cika ƙa'ida. Na ce to, na kwantar da hankalina da wannan. Ku gaya mini, makiyayin da bai yi boko ba, da me zai karanta wannan rubutun? Kuma ai makiyaya ba a manhaja suke kallo ba. In sun zo kasuwa wurin mai cajin waya suke zuwa, ya zuba musu wa'azi da waƙoƙi a memori, ya haɗa da bidiyona. Alamar nan da manhaja take sa wa talla ba ta bin bidiyo in an sauke shi. Ɗan rubutun kuwa, daga waya zuwa waya, ya dushe ya koma kamar datti a gilashi. Abin da ya rage shi ne ni, da farar riga, da muryata. Daga baya na gano kamfanin da kansa yake aika wa masu cajin waya bidiyon. Sun san sarai inda suke so ya je.

Da Babbar Sallah na je ruga. Tun daga nesa mata masu dawowa daga tallar nono suka fara, "Likita ya zo! Likita ya zo!" Wallahi maimakon in gyara musu, daɗi na ji. Ni da nake zuwa a ɗan Inna mai neman aiki, yau ana shimfiɗa mini tabarma a tsakiyar manya. Bayan mun ci abinci muna zaune a gindin bishiya da maza, Kawu ya ciro wayarsa daga aljihu, ya kunna bidiyon, ya tsayar da shi da babban yatsa daidai kan ramammiyar saniyar. Ya ce a hankali, "Ɗana, wani abu ya ɗaure mini kai. Wannan ƙahonta na hagu ya ɗan sunkuya, kuma akwai baƙi a bakin kunnenta." Ya matsa gaba zuwa mai ƙibar. "Wannan kuwa babu. Anya ita ce?"

Kowa ya zuba mini ido, har da Arɗo, shugaban rugar. Da na ce, "Kawu, talla ce, wasa ne irin na fim," da magana ta ƙare a nan, a yi dariya a tashi. Amma ina! Bakin nan nawa da ba ya rasa amsa ya riga ni. Na ce, "Ita ce mana, Kawu. Kyamara ce take juya hoto, hagu ya koma dama, hasken rana kuma yana cinye baƙin." Ya daɗe yana kallon wayar. Mutumin da yake gane saniyarsa daga kukanta a cikin garken wani. Can ya mayar da wayar aljihu ya ce, "To. Kai ka san na'ura. Idona ne ya fara tsufa." Ya juya wajen mutane ya ce, "Kun ji. Ɗana ba ya ƙarya."

Anti, tun daga ranar maganar nan take cina. Ya ga gaskiya da idonsa, ni na sa ya ƙaryata idon. Wane irin ɗa ne zai yi haka?

Kawu ya sayi garin, ya sa maƙwabta suka saya, har rugagen da ke gaba da su labari ya kai. Ni kuma na ce wa kaina ai ba guba ba ne, dusa ce da gishiri da 'yan sinadarai, ba zai kashe komai ba. Sai ga shi ciwon huhu ya ɓulla a wani garke kusa da su. Wanda ya san shanu ya san abin da wannan yake nufi, in ya shiga garke sai dai addu'a. An sanar cewa masu rigakafi za su zo mako mai zuwa. Dama can wasu ba sa son allurar, don takan kumbura wa saniya wuri. Yanzu sun samu hujja: ga Likita ɗan gida, ga dattijon da ya ce bai ƙara neman mai allura ba. Kawu ne a kan gaba wajen cewa ba a bukata.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na koma wurin Madam na roƙe ta a janye bidiyon ko a bar ni in yi wani in bayyana. Ta ko daina murmushi. Ta ce fuskata da muryata a wannan bidiyon mallakar kamfani ne, haka na sa hannu, kuma duk maganar da ta taɓa sunan kayansu kotu ce za ta raba mu. Ta ce, "Mu mun ce kar su yi allura? Nuna mini inda mun ce." Gaskiyarta ce, ba su faɗa ba. An tsara shi ne yadda kowa zai ji an faɗa alhali ba wanda ya faɗa.

Na je wani ofishin hukuma da nake zaton su ke kula da irin wannan. Mutumin da na samu ya saurare ni da mutunci, ya kalli bidiyon, ya ce kayan suna da rajista, gargaɗi yana jiki, abin da ke yawo a wayoyi kuma ba a teburinsa yake ba, sai dai in kai ƙorafi wani ofishin da sunana, a bi layi. Ban ga laifinsa ba, amma shanu ba za su jira layi ba. Na dawo gida na yi bidiyo da kaina, ba farar riga, na sa guntun tallar ina nuna ƙahon nan da kunnen nan. Na ɗora shi a shafina, bai wuni ba aka cire shi, wai na yi amfani da kayan wani ba izini, aka kuma yi wa shafina gargaɗi. Na ɗaukaka ƙara, na'ura ta amsa mini da Turanci cewa an duba, hukunci yana nan. Tallar kuwa tana ci gaba da fitowa, har a wayata nake cin karo da kaina ina gyaɗa kai. Ko da ma ba a cire nawa ba, wa zai kai shi memorin Kawu?

Na kira shi a waya na ce, "Kawu, a yi allurar ma, haɗawa ba laifi ba ne." Sai ya yi dariya ya ce, "Na gane, ɗana. Kana tsoron kada hukuma ta ce ka hana su aiki. Kada ka damu, ba za mu ambaci sunanka ba." Kun ga inda nake? Rabin gaskiya ba ta shiga. Ba abin da zai sa su kawo shanunsu sai in na ce ni ba likita ba ne, dattijon nan maigadi ne, shanun biyu ne, kuma ranar Sallah ina kallon idon Kawu na yi masa ƙarya.

Arɗo ya aiko in zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in yi wa mutane bayani, a yanke shawara kan rigakafin. A gaban mutanen nan Kawu ya ce ɗansa ba ya ƙarya. Wanda bai san kunyar Bafulatani ba zai ce ai ba komai, a ba da haƙuri. Ni na san Kawuna. Ba zai zage ni ba, ba zai ɗaga murya ba. Zai sunkuyar da kai, wataƙila kafin damina ta ƙare ya tattara ya bar rugar da ya tsufa a cikinta, don ba zai iya haɗa ido da waɗanda ya sa suka sayi garin ba. In na faɗa masa shi kaɗai a ɓoye, shi zan bar wa nauyin tsayawa gabansu ya ce ɗansa maƙaryaci ne. Kotun Madam tana ba ni tsoro, ba zan ɓoye ba, amma wallahi ba ta kai wannan ba. In kuma na yi shiru, garken da ya yi mini karatu ne zai tafi, da na mutanen da ba su yi mini komai ba sai yarda. Inna ba ta san komai ba, jiya ma tana faɗa wa maƙwabciyarmu cewa har Arɗo neman shawarata yake yi.

Yau da safe Kawu ya kira ni. Muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ya ce Wule ta ware daga garke, ta tsaya ta buɗe ƙafafun gaba tana tari, ta ƙi kiwo. Na riga na tambayi wani likitan dabbobi na gaskiya alamomin ciwon, don haka yana faɗa na gane ciwon huhun nan ne. Ya ce, "Tun jiya nake ƙara mata garin. Likita, 'yar'uwarka ce fa. Cokali nawa zan ƙara?"

Na ce ba na jinsa sosai, sabis ne, zan kira shi. Na kashe. Ina rubuta miki wannan wayar tana ta haske da sunansa, na kasa ɗauka.

Jama'a, don Allah, me zan yi?