Gizo-gizon Samira da kwalbar habbatus-sauda

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya ƙafarki, ya Malam da yara? Mu nan unguwar Waziriyya a ƙasa mai tsarki lafiya, sai dai 'yarki Samira kwana huɗu ke nan ba ta yi mini magana ba.

Binciken jami'a ya kai ta tsibirin Farasan, ta dawo da wani ɗan mitsitsin gizo-gizo, wai duk duniya can kaɗai ake samunsa. Ta sa shi a kwalba ta ajiye a kicin, ba ta gaya wa kowa ba. Ni kuwa ina neman inda zan zuba miki habbatus-saudarki. Kin san mu ba ma kashe gizo-gizo, sai na kai shi taga na sake shi, har da bismilla.

Da ta dawo ta fashe da kuka: "Umma, khalas, shi ke nan, aikina na shekara guda ya tafi!" Na ce ga wasu nan bayan firji, ta shige ɗaki ta rufe mini ƙofa garam. Yaya, kicin ɗina ne ko jami'a?

Ki sa mu a addu'a, ki kuma kira ta, ta fi jin maganarki. Ki gaida Inna. Kwalbar tana tafe a hannun masu umara. Ki riƙe ta da kyau, ita kaɗai ta rage daga digirin 'yarki.

Ƙanwarki,
Rabi