Ran Lahadi Zan Fitar da Toka Daga Gidan Nan

Hayin Banki, Kaduna.
Litinin.

Zuwa ga Yayata Shamsiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Muhammad da 'yata Yasmin. Yaya Makurɗi, yaya zafinta da sauronta? Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare maigidan a bakin aikinsa, Ya raya mana Yasmin bisa tafarkin addini. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Na leƙa Zariya wancan makon na ga Inna, ƙafar ta yi sauƙi har tana taka ta zuwa gidan maƙwabta. Ta ce kukarki da daddawarki na nan a ɗaure, mai zuwa kawai take jira. Matar Yaya Bala ta sauka, an sami namiji, an sa masa Idris. Gwaggo Laraba kuwa tana nan a Unguwar Sarki da tuyar wainarta, bakin nan nata bai ragu da komai ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Ai na kira, har sau biyu, kuma duka biyun da kin ji muryata ta fara tashi sai ki ce in yi haƙuri, tun ban kai tsakiyar zance ba. Takarda ba ta katse mutum. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban da ke lodin Makurɗi ya miƙa miki. Ki karanta har ƙarshe kafin ki fara yi mini wa'azi.

Maganar Toka ce, kyanwarki da kika bar mini ranar da aka yi wa Yaya Muhammad canjin wurin aiki, kika ce amana ce. Shekara biyu ke nan ina riƙe da ita, ba ta taɓa kwana da yunwa ba. To, kin san tun bayan ƙaramar Sallah na sami aiki a kamfanin ruwan leda a Mando. Ina idar da sallar asuba nake fita, ba na dawowa sai an yi isha'i, kwana shida a mako, Lahadi kaɗai ce tawa. Da farko ban damu ba, don ina bar mata taga a buɗe, ta yi yawonta a tsakar gida, in na dawo in tarar da ita a bakin ƙofa tana jira. Ashe yadda nake barin gida haka nake barin ta a hannun wanda bai san Allah ba.

Kin tuna Malam Ila mai wankin hula, na ɗakin kusa da rijiya, wanda kike aika wa matarsa miya? Shi ne. Ran wata Talata ya jera hulunan mutane a tabarma suna shan rana, Toka ta zo ta kwanta a kan guda ɗaya. Kwanciya fa kawai, Yaya, ba yaga ta yi ba, ba fitsari ta yi ba. Mutumin nan bai kore ta ba, bai jefe ta da takalmi ba kamar yadda kowa zai yi. Tukunyar sitaci ce a kan wuta tana tafasa, ya ɗebo da moɗa ya sheƙa mata. Da na dawo ban gan ta a ƙofa ba, na yi ta kira, can na ji nishi a ƙarƙashin gado. Da na jawo ta, gashin gefenta na dama ya biyo hannuna. Sitacin ya bushe a jikinta, ya manne da fatar. Wallahi ban san ina da sauran hawaye irin na yara ba sai ranar.

Da gari ya waye na tare shi. Ko musu bai yi ba. Cewa ya yi hular ta fi kyanwar daraja, kuma in ina son dabba in koma ƙauye in yi kiwo. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa, ba zan maimaita miki ba don na san ba za ki ji daɗi ba, amma har kakansa sai da ya samu rabonsa. Muka je gaban mai gida, Alhaji Lawan. Shi kuma ya saurare mu yana sakace, ya ce in ji kunya, ina saurayi ina ɗaga wa magidanci murya a kan kyanwa. Ya ce in dai zan ci gaba da zama a gidansa, to in tsare dabbata a ɗaki. Ba wanda ya ce wa Ila ko kanzil. A gidan nan kaf, mutum goma sha, ba wanda ya buɗe baki ya ce an yi zalunci.

Na kai ta wurin likitan dabbobi a Kawo, ya wanke ciwon ya ba da magani. Ciwon ya warke, amma gashi bai sake fitowa a wurin ba, fata ce fara kamar tafin hannu. Daga ranar na fara kulle ta. In zuba mata abinci da ruwa, in ajiye mata tsohon faranti da yashi, in rufe taga, in sa kwaɗo. Yau kwana ashirin da shida. Tun tana kuka har ta daina. Ta kankare gindin ƙofa har katakon ya yi fari. Abincin ma sai ta shinshina ta bar shi, ta rame, ƙashin bayanta duk ya fito. Ni ma a wurin aiki hankalina ba ya jikina, sau biyu ina barin leda ta ƙare a inji har oga ya yi mini tsawa. Kuma kin san ni da karance-karance. A wani ɗan littafin hadisai da na saya a bakin masallaci na ci karo da labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa. Na sani ita ba ta ba ta abinci ba, ni ina bayarwa, na yi ta gaya wa kaina haka. Amma ɗauri ɗauri ne. Wani ya yi ɓarna, ni nake ɗaukar alhaki, ita take zaman kurkuku, shi kuwa yana tsakar gida yana jin rediyo.

To, yanzu ki gyara zama, don nan ne Allah Ya nuna ikonSa. Kin manta yadda gidan nan yake kafin ki kawo Toka? Kin manta atamfarki sabuwa da ɓeraye suka mayar rariya a cikin kwalla? Bayanmu kwata ce, gefenmu shagon masu hatsi. Shekarun nan da mutanen gidan suke barci lafiya, sun ɗauka albarkar addu'arsu ce. Ba a yi mako biyu da kulle ta ba sai silin ya fara amsawa kamar ana wasan ƙwallo. Kuma ashe ba abin da ɓera ke so a duniya irin hular da ta sha sitaci. Sun ci wa Malam Ila uku. Ta ukun wata zanna ce ta wani Alhaji, aikin hannu, daga Maiduguri aka kawo masa. Suka huda ta a tsakiyar kai, ramin har hannun yaro ya shige. Allah Ya so ni da rahama ran Lahadi Alhajin ya zo karɓa, ina gida. Yaya, na ji zagi iri-iri a tashar Kawo, amma ban taɓa jin mai daɗin na ranar ba. Na fito da kujera na zauna a ƙofar ɗakina da kofin shayi, ina kurɓa ina saurare. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Ila ya sayo tarko, suka cinye kifin suka bar masa tarkon. Ya zuba magani, kazar matarsa ce ta fara ci ta mutu. Sai ga shi jiya da hantsi, ina wanki, ya tako har ƙofata yana murmushi. Na ɗauka haƙuri ya zo bayarwa, har na fara tunanin yadda zan ja masa rai kafin in karɓa. Kin san abin da ya ce? Wai in riƙa sakin kyanwar nan tana shan iska, abin da ya wuce ya wuce, shi ya yafe mata. Shi ya yafe mata! Wanda ya ƙona, shi ne mai yafewa. Na ajiye sabulu na miƙe. Na ce masa Toka ba 'yar aikinsa ba ce, kuma in yana son mai kama masa ɓera ya durƙusa ya kama da bakinsa, tunda haƙoransa sun fi nata tsawo. Ya ce ba ni da tarbiyya. Na ce tarbiyyar da ke sa mutum ya dafa dabba da ranta, Allah Ya raba ni da ita.

A wurin na yanke shawara. Sakin ta a gidan nan ba zai yiwu ba. Ko ba don Ila ba, yanzu kowane lungu da maganin ɓera, ta ci ɓera guda da ya sha magani shi ke nan. Kulle ta kuma kashe ta nake yi a hankali. Barin aikin ba zan iya ba, kin san yadda na sha wuya kafin in samu. Saboda haka da yamma na je wurin Gwaggo Laraba na gaya mata komai. Ta ce dama ta daɗe tana son Toka, ga ɓeraye na yi mata ɓarna a buhun shinkafa, ga shi kullum tana gida, gidan kuma nata ne, ba mai ce mata tsare dabbarki. Har ta ce za ta riƙa saya mata kan kifi. Ta kawo sharaɗi biyu. Na ɗaya, a cikin buhu zan kai ta, don kada ta ga hanya, tunda tsakanin Unguwar Sarki da Hayin Banki ba wani nisa ba ne a wurin kyanwa. Na biyu, kada in taka gidanta har kwana arba'in, don in Toka ta ji ƙanshina za ta biyo ni, duk wahalar ta tashi a banza.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan na biyun ya fi yi mini ciwo. Duk faɗin Kaduna ita kaɗai ce ke murna in na dawo. In ina karatu a kan cinyata take kwanciya, in na daɗe ban juya shafi ba ta ɗago kai ta dube ni. Yanzu da hannuna zan cusa ta a buhu, ita da ta riga ta tsorata da mutane, don kada ta san hanyar dawowa wurina. Na yi ta juya abin a raina. Amma duk sanda zuciyata ta yi laushi, sai in tuna in ta dawo, ɓerayen Ila za ta zo kamawa. Wallahi ko guda ɗaya ba za ta sake kama masa ba. Gara in yi kewarta.

Na san abin da ke bakinki: ramin mugunta a gina shi gajere. To ni ban gina rami ba, Yaya. Ban zuba masa komai ba, ban taɓa hularsa ba, ban kai shi wurin 'yan sanda ba. Abina zan ɗauke, in bar shi da gidan yadda ya ce yana so, gidan da babu kyanwa. Za ki ce sauran maƙwabta fa? Su ma ranar da ake ƙona ta suna nan, shiru suka yi, to su ji yadda shiru yake. Za ki ce ni ma ɓerayen ba za su bar ni ba. Na sani. Littattafaina na riga na zuba su a akwatin ƙarfen da kika bari, sauran kayan kuwa su ci, na yafe musu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne amanar taki ce, ba zan fitar da ita daga hannuna ba da izininki ba. Takardar nan za ta same ki Laraba ko Alhamis. Ki turo mini saƙo kafin Asabar. In kin yarda, kalma ɗaya ta isa. In ba ki yarda ba, to ki faɗa mini inda zan sa ta daga asuba zuwa isha'i, amma kada ki ce in yi haƙuri in sake ta, don wannan ko Inna ce ta faɗa sai mun yi doguwar magana. In kin amince, ran Lahadi zan kai ta. Kuma ba da sassafe zan sulale ba kamar ɓarawo. Sai hantsi ya yi, ya baje hulunansa a tsakar gida, sannan in fito da buhuna a kafaɗa, in tsaya a gabansa in gaishe shi da aiki, in tambaye shi ya kwanan iyali, in wuce.

Ki gaishe mini da Yaya Muhammad da kyau, ki ce ina yi masa fatan ƙarin girma. Ki shafa mini kan Yasmin, amma kada ki gaya mata abin da ya sami Toka, ki ce dai ta koma gidan Gwaggo cin kifi. Inna da Yaya Bala da mai jego suna gaishe ku, Gwaggo Laraba ma ta ce ki daina rowar kira. Allah Ya sada mu da alheri, Ya saka wa marar baki.

Ƙaninki,
Tukur.