Allon da Yake Rufe Kansa

Jega, 9 ga Yuli, 2010

Goggo Kande,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da mutanen gida da duk Aliero. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin aiko kina faɗa cewa na daina tahowa gida. Ki yi haƙuri, aiki ne ya riƙe ni. Kin san asibitin Likita Sabo, inda nake kula da kwamfutoci, yana da reshe a Maiyama, amma bayanan marasa lafiya duka suna nan Jega cikin babbar kwamfuta da muke kira saba. Ma'aikaciya takan sa kalmar sirrinta, saba ta buɗe mata allo.

To a Maiyama wata nas, Malama Zubaida, an kira ta da gaggawa ɗakin haihuwa, ta bar allo a buɗe. Wani da ya zo karɓar magani ya leƙa, ya ga sunan maƙwabciyarsu Luba daga Gumbin Kure, da cewa tana da ƙaramin ciki. Goggo, matar nan ta sha ɓari, ko uwarta ba ta gaya wa ba tukuna. Kafin ta isa gida magana ta riga ta. Tun ranar ba ta sake zuwa awo ba, matan ƙauyensu ma suka janye.

Likita ya fusata, ya ce a sa saba ta riƙa korar kowa bayan ɗan lokaci, ko aiki yake ko zaune. Na yi. Yanzu nas tana tsakiyar rubuta awon jini sai allo ya rufe, abin da ta rubuta ya tafi. Na roƙe shi ya ba ni dama in gwada wata hanya. Ki sa ni a addu'a.

Ɗiyarki,
Gudiya

Jega, 2 ga Agusta, 2010

Goggona,

Ina gaishe ki da ruwa, ina fatan geron gona ya yi kyau. A gaida Kawu Mamman.

Albishirinki! Na koya wa saba ta riƙa tuna lokacin da mutum ya taɓa ta na ƙarshe. Duk dannawa tana sabunta masa wa'adi. In ya yi shiru, ta rufe. Da farko abin ya ƙi, allo ya yini a buɗe ba kowa a kujera. Na bi sawu har na gano shafin da ke buɗe a allon ne da kansa yake aika wa saba saƙo a kai a kai don duba sabbin marasa lafiya, ita kuma tana ɗauka mutum ne. Na raba su: motsin na'ura daban, na hannun mutum daban. Ba wanda ya nuna mini wannan, Goggo. Ni na gano shi.

Ranar Laraba na tafi Maiyama. Malama Zubaida ta je har gida ta lallaso Luba, Luba ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta ce ba za ta shigo ba sai ta ga allon ya rufe kansa da idonta. Na buɗe shafinta, na ɗauke hannuna, muka zuba wa allon ido mu uku. Can sai allo ya share komai, ya koma tambayar kalmar sirri.

Luba ta ce a sake. Na sake. Ta kira wani malamin makaranta da ke kan benci ta ce ya karanta mata abin da ya gani. Ya duba ya ce ba komai.

Sai ta zauna, ta naɗe hannun rigarta ta miƙa wa nas. An duba ta, cikin yana nan lafiya, har an ji bugun zuciyar ɗan.

Ina nan tahowa Juma'a in Allah ya so. A dama mini fura da yawa.

Taki har kullum,
Gudiya