Kwanukan Asabe

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin ƙafar, ya yara da maigidan? Mu nan Yauri lafiya lau, Inna ma da sauƙi.

Yaya, ga abin da ya sa nake rubuto miki. Rabi, ɗiyar ƙanwarmu marigayiya Asabe, ta gama karatun zane, ta gayyace mu kallon aikinta a wata makaranta a Yelwa. Na tafi da zaton hoton jiragen ruwa zan gani. Ina shiga sai ga kwanukan jeren Asabe rataye a bango, duk a lotse. Har da langar nan mai furanni da kika saya mata.

Ƙarƙashin kowane kwano Rabi ta rubuta layi guda. "Ran da gishiri ya yi yawa." "Ran da ta je suna ba ta dawo da wuri ba." Na jawo ta gefe, na ce, "Ke, mene ne wannan?" Ta ce, "Inna Kulu, da kwanukan nan Baba yake jifarta. Duk a gabana."

Innalillahi! Kin tuna yadda muke tsokanar Asabe, wai hannunta ba ya riƙe kwano? Ita ma ta taya mu dariya. Mutumin nan kuma har jiya na durƙusa na gaishe shi a kasuwar kifi.

Ban gaya wa Inna ba, ki ba ni shawara. Ki gaida kowa. Ki yi wa Asabe addu'a, mu kuma da muka yi dariya ki roƙa mana gafara.

Ƙanwarki,
Kulu